Wa Za A Nuna Wa Damagaram?

A farkon watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kwantar da tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙasa da aka ɗaga a tsakiyar ƙarni na 19, wanda in ka cire masallacin Agadas babu wanda baƙi suka fi zuwa gani a Nijar kamarsa. Shekara guda kafin nan, a watan Agustan 2023, wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, ya rufta kan masallata. Duk sa'ad da irin wannan ta faru, magana ɗaya ake maimaitawa a gidajen rediyo, cewa mun yi asarar abin da zai jawo mana 'yan yawon buɗe ido. In ka bi diddigin maganar kuwa, baƙon da ake nufi Bature ne mai kyamara, wanda zai sauko daga jirgi, ya zaga Birni da la'asar, ya sayi jakar fata, ya kama gabansa. A ganina wannan baƙon ba zai tsare ginin Damagaram ba, don ko a zamanin da yake zuwa bai tsare shi ba. Mai tsare shi yana nan kusa: manomin Gangara da ya kawo gero kasuwa, ɗan lakwal na Tanut, makiyayin Balbeji, ɗan kasuwar Kano da na Daura. Su kuma ba za su zo kallo ba muddin ana nuna birnin kamar shi kaɗai ya tsiro tsakanin duwatsu. Sai an nuna shi yadda yake tun asali, masaukin hanyar da ta ratso Damargu daga Abzin ta nufi Kano.

Abin gani dai yana nan, ba sai an ƙirƙiro shi ba. Unguwar Birni ita ce tsohon gari, da lungunanta masu murɗewa tsakanin manyan duwatsun da suka zama alamar Damagaram, da gidajen attajirai da masu sarauta waɗanda magina suka yi wa zane a fuskar zaure, wani a tone wani a tashe, aka bi shi da launi. A tsakiyarta fadar Sarki take, ita ma ginin wajen 1850, kuma har yau fada ce mai rai: ana zaman fadanci, ana sasanta rigima, dogarai na tsaye a ƙofa. Nan da can akwai guntayen ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye garin da ita. Shi ne ya yi mulki shekara talatin da ɗoriya har rasuwarsa a 1884, ya tara bindigogi, ya sa maƙeransa suka zuba masa igwa a cikin gari, ya mai da ƙasar da ke kai gaisuwa Barno ta zama abar shakkar maƙwabta. Akwai gidan da Heinrich Barth, matafiyin Jamus mai kiran kansa Abdulkarim, ya sauka daga ƙarshen Disambar 1852 zuwa Janairun 1853. Daga Birni in ka yi arewa sai Zango, masaukin Abzinawa da Larabawan Gadamus, unguwar attajiri Malam Yaro. Tsakaninsu kuma garin da Faransawa suka gina, da barikin soja a kan dutse, da maƙabartarsu, da tsofaffin ofisoshi. Ga gidan tarihi na jaha, ga majema da dukawa, ga Mirya da lambunanta da tukwanenta, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Tun 2006 aka sa Birni da fadar cikin jerin wuraren da Nijar ke neman hukumar UNESCO ta ƙidaya su cikin kayan tarihi na duniya. Agadas ta samu shiga a 2013, Damagaram na jira har yanzu.

Tunda da Faransa aka saba gwada komai a wannan fanni, yana da kyau a duba yadda biranen lardinta suka zama abin zuwa gani, don labarin ya sha bamban da abin da ake zato. Karkason, wadda hoton ganuwarta ya cika duniya a yau, a tsakiyar ƙarni na 19 kango ce, har hukuma ta yarda a rushe ta. Wani ɗan garin mai son tarihi, Cros-Mayrevieille, da marubuci Prosper Mérimée, wanda ke riƙe da muƙamin sufeton gine-ginen tarihi tun 1834, su suka tsaya kai da fata har aka fasa, aka ba Viollet-le-Duc aikin gyara. Wato kusan a shekarun da Tanimu ke ɗaga tasa ganuwar, Faransawa na gardamar ko tasu ta cancanci a bar ta tsaye, kuma sai 1997 UNESCO ta sa mata hannu. Albi, ƙaramin gari a bakin kogin Tarn wanda Damagaram ta ninka shi yawan jama'a sau da dama, da jan tubali aka gina shi. Babbar majami'arsa an fara ta a 1282, aka ɗauki shekara ɗari biyu ana yi, gidan shugaban cocin kuma aka mai da shi gidan ajiye zane-zanen Toulouse-Lautrec a 1922, UNESCO ba ta zo ba sai 2010. Abin da ya cike tsakani aikin cikin gida ne. A 1936 aka ba ma'aikata hutun shekara da albashi, sai talaka ya fara yawo cikin ƙasarsa. A 1962 dokar da ke ɗauke da sunan minista André Malraux ta ba da damar a kare unguwa sukutum maimakon gini ɗaya, daga baya aka haɗa da sassaucin haraji ga mai gidan da ya gyara yadda aka tsara. Tun 1984 kuma ake ware lokaci kowace shekara a buɗe wa jama'a ƙofofin gine-ginen da aka saba rufewa. Har yau mafi yawan kuɗin da ake kashewa wajen yawon shaƙatawa a Faransa daga aljihun 'yan ƙasar yake fitowa. Baƙon nesa ya zo ne ya tarar an riga an share, an yi shimfiɗa.

Za a ce ai wannan Faransa ce, inda ma'aikaci ke da albashi da hutu da jirgin ƙasa. Mutanenmu ba su san tafiya don kallo ba, in ka ga Bahaushe kan hanya to fatauci ne, ko cirani, ko gaisuwar mutuwa. Maganar albashin gaskiya ce, sauran kuwa ba haka ba ne. Hubbaren Shehu a Sakkwato ba ya rabuwa da masu ziyara, da yawansu daga wannan gefen iyaka. Rijiyar Kusugu a Daura mutane na biyan kuɗi su leƙa, su sha ruwanta, su ji labarin Bayajida da suka riga suka sani. Kokowar neman takobi ta ƙasa, wadda aka fara a 1975, tana kwashe dubban mutane daga jaha zuwa jaha kowace shekara, su kwana inda dare ya yi masu. Hawan Sallah na Kano, da UNESCO ta amince da shi a 2024, ba Turawa ne ke cika titunansa ba, kuma a Damagaram kanta hawan Sallah da hawan ƙaho da wasan kara suna tara jama'ar ƙauyuka tun kafin a san kalmar minista. Lokacin bikin 18 ga Disamba na 2018, da aka yi wa laƙabi da Zinder Sabuwa, 'yan ƙasa ne suka cika gari. Saboda haka son gani yana nan, Hausawa ma su suka ce gani ya kori ji. Abin da babu shi ne wanda zai tari mutum a ƙofar Birni ranar da ba Sallah ba, ya buɗe masa zaure, ya ba shi labari da harshensa. Babban littafin tarihin masarautar, na André Salifou wanda ya fito a 1971, da Faransanci aka rubuta shi. Na Stephen Baier kan tattalin arzikin yankin, na 1980, da Ingilishi. Jikokin waɗanda suka ba da labarin da baki ba su iya karanta ko ɗaya. Yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, fassara waɗannan da kafa alluna da Hausa, da boko da ajami, aiki ne da ba shi da sauran uzuri.

Wanda ke shakkar haɗarin jingina da baƙon nesa, ya dubi Agadas. Babu garin da ya ci moriyar Turawa masu son hamada kamarsa: jirage na sauka kai tsaye daga Faransa, maƙeran azurfa da direbobi da masu masauki na samu. Tawayen farkon shekarun 1990 ya tsayar da harkar, ta farfaɗo, tawayen 2007 ya sake tsayar da ita, sace ma'aikata a Arlit cikin Satumbar 2010 ya ƙarasa ta. Da shaidar UNESCO ta iso a 2013, babu sauran mai zuwa ya gani. Direbobin da suka san hamada suka koma jigilar masu neman tsallakawa Libiya, har dokar 2015 ta hana, aka soke ta a ƙarshen 2023. Ofishin wata ma'aikata a Faris ya shafa wa taswira jan launi, kasuwar gari guda ta mutu. Damagaram ma ko a lokacin albarkar ba ta wuce wurin kwana ɗaya ga mai wucewa ba, bare yanzu da ofishin jakadancin Faransa ke rufe tun farkon 2024. Kano kuwa tana nan wajen kilomita 240, da miliyoyin mutane masu harshe ɗaya da mu, da dangi a Zango da Sabon Gari, da Daura da Katsina da Haɗeja a gefenta. Ba na musun cewa wannan hanyar ma tana da nata ciwon: an rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, naira kuma ta faɗi ƙwarai a gaban sefa. Amma ranar da aka buɗe Ɗan Barto da Kwangwalam, a ranar motoci ke cika, don biki da suna da ciniki ba su jiran sanarwar kowa. Bakano kuma yana da nasa dalilin zuwa: dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuren Daga sun kai har Gezawa zamanin Sarkin Kano Alu, labarin da kowane gefe ke bayarwa yadda ya fi masa daɗi.

Sai dai baƙon kusa ba ya gamsuwa da abin da ke gamsar da na nesa. Bature na iya tsayawa gaban bango ya yaba zane ya wuce. Mutumin Damargu ya tashi cikin ginin ƙasa, bango kawai ba zai burge shi ba. Abin da zai riƙe shi shi ne ya ga kansa cikin labarin, kuma yana ciki dumu-dumu. Damargu ita ce ƙasar noma ta ƙarshe kafin hamada, inda ruwan damina ke isa gero da ƙyar, amma in ya isa ya yi albarka. Abzin ba ta ciyar da kanta, da geron Damargu take rayuwa. Ayarin Kel Owi da ke ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, da gero yake sayen su, kuma nan yake samunsa. Babbar hanyar da ta taso daga Tarabulus ta bi Gadamus da Gat, ta sauko Iferwan da Agadas, ta ƙetare dajin Tagama, ba ta da wata mashiga zuwa Damagaram da Kano sai ta nan. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, lokacin da matan Turai suka kamu da son gashin jimina a hulunansu, daga wannan yanki ake tara shi, tare da fatun da aka jeme, a ɗora wa raƙuma su yi arewa. Hausawa da Dagira da Buzaye da Fulani suka cakuɗu a garuruwan da suka tashi kan wannan ciniki, Buzayen Imazurag ƙarƙashin shugabansu Musa suna riƙe da hanya daga Jajiduna suna karɓar nasu rabo. Dukiyar da ta gina benayen Zango, ta saya wa Tanimu bindiga da albarushi, ta wannan ƙasa ta biyo. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka juya kudu zuwa teku, hanyar arewa ta yi sanyi, Damargu ta koma gefe a taswira da kuma a tunanin masu mulki.

Ko labarin Turawan da ake alfahari da gidajensu a Birni, a Damargu ya ƙullu. A Tagelel ne, cikin Janairun 1851, matafiya uku da gwamnatin Ingila ta aiko suka rabu: James Richardson ya nufi Damagaram, Barth ya yi Tasawa da Katsina da Kano, Adolf Overweg ya yi Maraɗi da Gobir. Ba su sake haɗuwa su ukun ba, don Richardson ya rasu cikin Maris kafin ya isa Kukawa. Shekara arba'in da takwas bayan haka, cikin Oktoban 1899, rundunar Faransa ta Foureau da Lamy da ta ƙetaro Sahara daga Aljeriya, bayan ta sha wuya a Abzin ta rasa yawancin raƙumanta, ta yada zango a Gangara kafin ta isa Damagaram a farkon Nuwamba. Za a ce to, an ji, amma me za a nuna wa mutum a Gangara ko Tagelel ko Jajiduna, inda babu fada babu ganuwa? Amsata ita ce hanya kanta abin nunawa ce. A 1998 UNESCO ta amince da hanyoyin da masu ziyarar Kirista ke bi cikin Faransa zuwa Kwampostela, kuma yawancin abin da mai tafiya ke gani a kansu gada ce, da rijiya, da masauki, da ƙauyen da ba shi da komai sai cewa an bi ta cikinsa shekaru ɗaruruwa. Nijar ma ta sa hanyar gishiri cikin jerinta na 2006. Damargu na da tsofaffin rijiyoyi da kufai, da rumbunan da tsarinsu bai canja ba, da kasuwannin raƙuma da shanu na Tanut da Balbeji, da ragowar ayarin gishiri da ke saukowa da rani. Jiminar da aka ƙarar ma ana kiwonta a Kelle, ƙasar Gure, don a maido da ita daji. Yaron da aka ɗauko daga lakwal ɗin Gangara aka tsaya da shi a waɗannan wurare kafin a shigar da shi Zango, zai shiga yana sane da cewa geron kakanninsa na cikin wannan bango.

Akwai masu ganin cewa ragowar mulkin mallaka ba abin adanawa ba ne, musamman a wannan lokaci da ake sauya sunayen tituna. Fushinsu na da tushe. Kyaftin Kazamaju na Faransa ya iso Damagaram a 1898, aka kashe shi cikin watan Mayu a zamanin Amadu Kuren Daga. Ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙona garuruwa tun daga bakin Kwara, ta yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu, ita ce ta karya mayaƙan Damagaram a Tirmini a ƙarshen Yulin 1899, aka bi Sarki aka kashe shi. A 1906 aka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa bisa zargin shirya bore, aka kai shi Kodebuwa, ba a maido da sarautar ba sai 1923. Garin ya zama hedkwatar mulki a 1911, aka ɗauke ta zuwa Yamai a 1926, ana kafa hujja da ƙarancin ruwa, ko da yake kusancinsa da Kano da Turawan Ingila na cikin lissafi. Duk wannan ba abin daɗi ba ne. Amma barikin da aka gina kan dutse da sunan Kazamaju, aka sauya masa suna zuwa na Tanimu, shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi: mutum ya dube shi daga ƙasa ya ga yadda aka ɗora shi bisa kan Birni, ya gane abin da ake nufi da mamaya ba tare da an yi masa dogon bayani ba. In aka bar irin waɗannan gine-gine suka zube, labarin zai koma ga takardun da ke ajiye a Faransa, waɗanda masu mamayar suka rubuta. Filin Tirmini kuwa, da ke kan hanyar Maraɗi, ya fi gidan kowane matafiyi cancantar a tsaya a kansa.

Wannan gaskiyar tana da ɗaya gefen, wanda ya fi wuyar faɗa a gaban fada. Ayarin da ya ɗauki gashin jimina ya ɗauki mutane. Richardson, wanda yaƙi da cinikin bayi ne ya fito da shi, ya rubuta abin da ya gani a Damagaram na hare-haren kamun bayi, har a cikin ƙasar da ke ƙarƙashin Sarki. Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram, haka aka kama shi aka sayar, Overweg ya 'yanta shi, ya bi Barth har Tumbutu, sa'an nan Ingila a 1855. A can ya ba malamin mishan Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885, yana cikin rubutun zube mafi daɗewa da muke da shi a boko. Ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912. Abin mamaki ne a ce garin na da allon tunawa da Barth, amma ɗan ƙasar da ya je ya kalli Turai da idonsa ya ba da labarinta da Hausa, ɗalibai kaɗan ne suka san sunansa. Baƙon nesa ana iya sallamarsa da labarin jarumtar sarakuna. Na kusa kuwa, wataƙila kakansa na cikin waɗanda aka kora a igiya, ko cikin bugajen da suka yi wa iyayengijinsu noma a Damargu, ba zai karɓi rabin labari ba. Haka nan Damagaram ta yau ba Birni kaɗai ba ce. Fim ɗin Aisha Maki na 2021 ya nuna unguwar Kara-Kara da samarinta marasa aiki, kuma in harkar ba ta ba irinsu aikin jagora ko gini ko tuƙi ba, to ado ce kawai.

Hujja mafi nauyi ita ce ta ciki. Wanda ya ga yunwar 1984 da ta 2005 a Tanut, ko ya ga layin jarka a unguwannin Damagaram da bazara, yana da ikon tambaya ko wannan ne lokacin maganar zanen bango. Da a ce gyaran Birni na bukatar irin kuɗin madatsar ruwa, da na bi bayansa. Amma ginin ƙasa ba da kuɗin waje aka yi shi ba, ba kuma da shi yake rayuwa ba. Abin da yake so shi ne yaɓe kafin damina, da makuba, da gyaran indararo, da sauya azarar da gara ta ci, da kwatar da za ta janye ruwa daga gindin bango. Kayan na gida ne, ma'aikatan na gida ne, kuɗin kuma a unguwa yake tsayawa. A Jenne ta Mali gari ne ke fitowa rana ɗaya a shekara ya yaɓe masallacinsa, ya mai da aikin biki. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 tana tsaye tun gyaran 1844 don ba a daina taɓa ta ba. Abin da ke kashe ginin ƙasa shi ne sakaci, sai kuma siminti, wanda ake shafawa da niyyar alheri, ya kulle danshi a ciki, bango ya ruɓe ba a gani ba. Ga kuma damina ta canja hali, ruwan da ake yi cikin wata yana sauka cikin kwana biyu. Babbar asarar da ake yi a hankali ita ce ta magina: matashi ba zai koyi sana'ar da babu mai kira ba. Asusu ƙarami na dindindin, daga kuɗin shiga da na ma'aikatar magajin gari da gudummawar attajiran garin, a hannun fada da masu unguwa da shugabannin magina, ya fi a jira wani babban biki a shafe titi da fenti cikin wata uku.

Shaidar UNESCO fa? A nema, amma da ido buɗe. Gyaran Karkason da ake yabo ya haɗa da rushe gidajen talakawan da suka manne da ganuwa, aka kwashe su, kuma masana sun daɗe suna sukar Viollet-le-Duc kan rufin da ya ɗora wanda ba na yankin ba ne. A Jenne akwai masu gidajen da ke kukan an hana su zuba siminti a ɗaki ko faɗaɗa shi, saboda baƙon da bai ma zuwa yanzu. Mutumin Birni da ke son bayan gida na zamani da rufin da ba ya yoyo bai yi laifi ba, kuma duk dokar da ta ce masa ya zauna cikin wahala don hoto, zai jira dare ya karya ta. Abin koyi a dokar Malraux shi ne ta haɗa hani da taimako: an ce kada ka taɓa fuskar gida, an kuma sa hannu cikin kuɗin gyaran ciki. Masu cewa kallon kufai da wasanni shagala ce, su ma ana iya zama da su, don malamai sun fi kowa sanin cewa addini ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa a ga ƙarshen waɗanda suka gabata, kuma ginin farko da ke bukatar ceto na Allah ne.

Saura tambayar da mutumin Damargu zai yi, kuma ya kamata ya yi ta tun yanzu: in harkar ta kankama, me zai samu? Yana da dalilin zargi. Matatar mai ta SORAZ, da aka buɗe a 2011 mai tace ganga 20,000 a rana, a Bakin Birji take, ƙasar Tanut. Wani kaso na ruwan da Damagaram ke sha daga rijiyoyin arewa ake turo shi, wajen Ganaram. Gero da dabbobi kudu suke yi kamar yadda suka saba. In tarihin ma aka kwashe shi aka kai gidan tarihi na birni, aka bar Gangara da suna a jikin allo, to an maimaita tsohon ciniki. Shi ya sa tsarin ya kamata ya fara daga arewa. Ɗaliban tarihi na Jami'ar André Salifou su fita da na'urar ɗaukar magana zuwa Gangara da Tarka da Olelewa da Jajiduna, su zauna da dattawa da makaɗa da zuriyar madugai, abin da aka ɗauka kuma a bar kwafinsa a garin da aka ɗauke shi, a sa shi a rediyon karkara kafin a kai shi kanta. Jagoran da zai nuna rijiya ya zama ɗan garin da ke shan ruwanta. Motar da ta ɗauko ɗalibai ko baƙin Kano ta kwana a Tanut, a ci a sha a can, a biya a can. Hanyar arewa da Tanut tana bukatar rakiya a wasu lokuta, wannan kuwa hukuncin jami'an tsaro ne, amma tsakanin Damagaram da Bakin Birji da Gangara da Tanut motocin kasuwa na bi kullum, kuma da su za a fara.